Ganye Mai Jijiya Uku

Talata, 5 ga Agusta, 4:10 na yamma

An canja wa jaririn Maijidda jini yau da ƙarfe sha ɗaya na safe. Aikin ya ci awa biyu da kwata. Ni na sa hannu a takardar, domin Hadi, uban yaron, bizarsa ta ƙare tun watan Yuni, ba ya zuwa inda za a ce ya nuna fasfo. Maijidda kuwa, ƙanwata, kwananta takwas da haihuwa, ko matakalar bene ba ta iya sauka.

Jaririn yana hawa na shida na asibitin, ɗakin da ba a shiga. Ta gilashi na gan shi, tsirara, an rufe masa ido da ƙyalle, ƙarƙashin shuɗɗan fitilu biyu. Jiya ya kamata a yi suna. Hadi ya yi masa huɗuba tun ranar haihuwa, amma ba zan rubuta sunan a nan ba tukuna.

Shekara tara na yi a teburin tace labarai a Kaduna kafin in koma yi wa 'yan kasuwa tafinta a garin nan na Sinawa. Can na koyi cewa idan abu ya rikice, a jera shi. An haife shi Litinin, 28 ga Yuli. An sallame su Alhamis. An fara wankan jego Juma'a. Lahadi da safe idonsa ya yi ɗorawa. Da la'asar ya saki nono, ya soma wani siririn kuka da ban taɓa jin irinsa ba.

Na jera. Ban ji sauƙin komai ba.

Laraba, 6 ga Agusta, 1:30 na rana

Ruwa da iska tun asuba. Likita Liang ta kira ni ofishinta. Gajeriyar mace ce, ba ta ɗaga murya. Ta ce ba shawarar jarirai ba ce da aka saba gani. Yaron ya gaji wani rauni a jininsa, wanda ta ce yana da yawa a lardin nan, yana da yawa a wajenmu. Mai shi lafiyarsa lau, sai ranar da wani abu ya taɓa shi, jinin ya farfashe. Aikinta ta san mene ne ya taɓa shi.

Ta ɗauko takarda. Magani? Babu. Man shafawa? Zaitun kawai. Kayan sawarsa, an taɓa ajiye su da ƙwallayen kafur na akwati? Na ce a'a, sababbi ne, ni na sayo su a kasuwar Shisanhang, ni na wanke su sau biyu. Ta ja layi.

"Ganye fa?"

Na yi mata bayanin wankan jego. A tafasa ruwa, a tsoma ganye, mai jego ta riƙa fyaɗa wa jikinta, safe da yamma, kwana arba'in. A gida darbejiya ake sawa ko tsamiya. A nan babu su, sai aka samo wani mai ƙamshi. Ta tambaya ko ruwan ya taɓa jaririn. Na ce an surka sauran an yi masa wanka sau uku.

Ta ajiye biro. Ta ce idan ganyen bishiyar kafur ne, ta samu amsarta. In kawo mata shi.

Babu ganyen. Hadi ya zubar da shi ranar Lahadi, har da tukunyar.

Alhamis, 7 ga Agusta, 8:00 na safe

Yana numfashi da kansa. Bai yi kuka ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, 6:40 na yamma

Gari ya yi tsit, kowa ya tafi gida kallon buɗe wasannin duniya da ƙasar nan ta karɓi baƙuncinsu. A kan titin Huanshi ba kowa sai masu sintiri, masu jan ƙyalle a damtse, biyu-biyu a kowace mahaɗa.

Inna ta kira daga Kano. Ita ya kamata ta zo ta yi wa Maijidda wankan nan, kamar yadda ta yi wa matan gidanmu duka, amma bana saboda wasannin biza ta yi wuya, sau biyu tana nema ba ta samu ba. Mun ce mata 'yar shawara ce, yana samun sauƙi. Hawan jininta ba zai ɗauki sauran ba.

"Lauratu, saƙona ya iso kuwa? Wanda na ba Hajiya Rekiya?"

Na ce ya iso, ga kanwar can ana kunu da ita, yajin ma ya yi daɗi.

"To madalla. Ki riƙe ta da kyau, ke ce uwar yanzu."

Hadi yana falo, ya ƙure talabijin da ido, bai kunna sautin ba. Tun Lahadi bai kira sunana ba. Da zan fita ya ce wa bango, "A garin da ko sunan titi mutum sai ya tambaya, a shiga daji a yanko ganye." Gaskiya ya faɗa.

Ɗakin Maijidda ƙamshin ɗakin Inna yake yi mini. Kewar gida ce, ina jin.

Lahadi, 10 ga Agusta, 3:00 na yamma

Na sayi littafin itatuwan kudancin ƙasar nan, shafi ɗari huɗu da wani abu. Dangin kafur kaɗai sun cinye shafi talatin da takwas. Kirfa 'yar gidan ce. Fiya ma, wadda muke ci da burodi, ashe 'yar gidan ce. Kusan dukansu ganye mai sheƙi, mai tsini, mai ƙamshi idan an murza. Da yawansu jijiya uku ce ke tashi daga gindin ganyen.

Jijiya uku. Wannan na tuna sarai.

Zeinabou, mutuniyar Maraɗi mai sayar da tuwo a hawa na huɗu na benen su Maijidda, ta kawo wa Maijidda farfesu, ta tarar da ni a kan littafin.

"Bon, 'yar jarida, yanzu kuma malamar daji za ki zama? Ki ci abinci, kin koma kamar sandar rake da aka tsotse."

Na ce ina neman sunan ganye ne.

"Ni da na haifi Amira a nan, ruwan famfo na yi da sabulu, ga ni ban karye ba. Ku Kanawa komai sai an yi shi yadda kaka ta yi." Ta dubi fuskata, ta sauke murya. "Yi haƙuri. Bakina ne, kin san shi."

Litinin, 11 ga Agusta, 7:15 na safe

Na karanta abin da na rubuta tun Talata. Aka samo, an surka, an yi masa wanka. Da ɗan rahoto ne ya kawo mini wannan, da na mayar masa na ce wa ya yi.

Ni na yanko ganyen. Ranar Alhamis, 31 ga Yuli, na hau mota zuwa gindin dutsen Baiyun da wuƙar kicin a jaka. Na murza ganye kusan goma, na zaɓi wanda ƙamshinsa ya fi kwanta mini. Ni na tafasa. Ni na surka ruwan na gwada da gwiwar hannu. Ban taɓa haihuwa ba, ban taɓa yi wa kowa wankan jego ba, kuma ban tambayi kowa ba, don ba na son a ce babu Inna an kasa.

Laraba, 13 ga Agusta, 5:20 na yamma

Na koma dutsen. Awa huɗu. Na tuna akwai rusasshiyar katanga da wani shuɗin bututu, amma hanyoyin sun fi biyar, kowacce da katangarta. Duk bishiyar da na tsaya a gindinta sai in ga ita ce. Na murza ganye har hancina ya daina rarrabe komai.

Wani mai jan ƙyalle ya bi ni kusan minti goma kafin ya tsayar da ni. Ya duba fasfo, ya duba biza, ya duba ganyayen da ke hannuna. Ya ce ba a tsinka. Na ce na gode, na zubar.

An kashe fitila ɗaya daga cikin biyun. Nas ta ce ya sha madara cokali shida.

Alhamis, 14 ga Agusta, 2:00 na rana

Likita ta ce irin wannan shawarar takan taɓa jin kunne. Ba za a sani ba sai an gwada. Ban faɗa wa Maijidda ba.

Asabar, 16 ga Agusta, 4:45 na yamma

Na samu mai taimako. Wani tsoho ne, Malam Deng, da ke motsa jiki kullum a bakin ƙofar dutsen. Ya ga ina gwada ganye da hoton littafi, ya yi dariya har da tari.

"Wannan littafin ni ma ina da shi. Ina tokare tagar kicin da shi."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ƙirga itatuwa a dazukan arewacin lardin kafin ya yi ritaya. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya daina dariyar. Ya ce jikansa ma yana da raunin nan, a gidansu ko wake mai faɗi ba a dafawa.

Ya zaunar da ni a kan benci ya koya mini. A fara da ɓawo: na kafur ya tsattsage, kamar ƙasar fadama da rani. A duba yadda ganye ya zauna a reshe. A murza a shinshina, sau ɗaya, a huta. Sannan a juya bayan ganyen, a kalli inda jijiyoyi suka rabu.

"Ki duba hammatarsa. Kafur yana da ɗan ƙurji a nan, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta sama kumburi, ta ƙasa rami. In babu ƙurji, ba shi ba ne, ko wa ya rantse miki."

Ya tsinko mini na kafur, mai jan ƙyalle yana kallo bai hana shi ba. Ga ƙurjin nan kuwa, kamar kan allura. Ya ba ni wani da aka murza ya yi yauƙi kamar karkashi, wani kuma mai ƙamshin lemon tsami. Dangi ɗaya duka.

Ya tambaye ni wanne ne nawa. Na ce ban sani ba. Ranar ban juya bayan ganyen ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, 9:00 na safe

Allah Ka sa babu ƙurji. Abin da nake ta roƙo ke nan tun jiya, kuma na san don kaina nake roƙon.

Litinin, 18 ga Agusta, 1:10 na rana

Mun same ta. Da na ce shuɗin bututu, Malam Deng ya san wurin, bayan wani tankin ruwa ne, can gabas da inda nake ta zagaye. Shi ya fara ganin yankan: rassa uku daidai kafaɗata, bakinsu ya bushe.

"Da me kika yanka, da cokali?"

Ya shafa jikin bishiyar. Sumul. Ya karce ɓawon da farce ya miƙo mini, na ji kirfa. Ya tsinki ganye ya ba ni, bai duba ba, ya ce in duba da kaina. Na juya. Jijiya uku. Na kai shi rana, na sa tabarau. Na tsinki na biyu, na uku, har bakwai.

Babu ƙurji.

Ya ce sunanta yinshiyang, ƙanwar kirfa ce, mutanen ƙauyensu har a girki suke sa ta. Ya rubuta sunan da Sinanci da Latin a bayan tikitin mota, ya sa hannu kamar mai ba da shaida a kotu. Na zauna a kan katangar na yi kuka, na farko tun ranar uku ga wata. Ya juya baya yana duba wata bishiya har na gama.

Talata, 19 ga Agusta, 6:50 na yamma

Na kai wa Likita Liang ganyen da tikitin. Na zaci za ta yi murna. Ta daɗe tana jujjuya shi.

Ta ce ba za ta wanke shi tas ba, amma wanka uku da wannan bai isa ya yi ɓarnar da ta gani ba. Da kafur ne, da ta sallami yaron hankali kwance, tun da an zubar. Yanzu kuwa abin da ya taɓa shi yana nan inda yake.

"Litinin zan sallame shi. Gidan da ya fito zai koma."

Ana ta ihu a unguwar Xiaobei, Najeriya na cin ƙwallo. Na ratsa ta cikin mutane ban san ci nawa ba ne.

Alhamis, 21 ga Agusta, 11:30 na safe

Kwana biyu ina birkita gidan. Man zafi, turaren wuta, maganin sauro, hodar Maijidda, sabulun wanki, har lallen da ke kan firij. Na rubuta sunan kowanne na kai asibiti. Ta soke man zafin da maganin sauron, ta ce a fitar da su, amma an shafa masa? Ba a shafa ba. An kunna? Ba a kunna ba.

Hadi ya tsaya a ƙofar kicin yana kallona ina zazzage durowa. "Anti, ki bar wahalar da kanki. Kowa ya san abin da ya faru." Ban faɗa masa maganar bishiyar ba tukuna. Ina so in kawo masa amsar a cike.

Saura kwana huɗu.

Juma'a, 22 ga Agusta, 3:40 na yamma

Hadi ya sauka shagon ƙasa yin waya. Maijidda ta kira ni ɗaki in ga jakar da ta haɗa ta ɗauko yaro. Ta yi wanka, ta sa kwalli, rabon da in ga haka tun kafin haihuwa. Ta zuge jakar.

Warin ne ya fara isowa.

A saman kayan akwai saƙi, baƙi mai ratsin fari, gefensa ya sha ɗinki. Na san shi. Da shi aka goya ni, da shi aka goya mu mu shida. Shekara ashirin da uku yana ƙasan akwatin ƙarfen Inna. Na ɗaga shi, ƙwallaye biyu farare suka faɗo daga ninkin, sun narke sun koma kamar ƙwayar gyaɗa.

"Yaya, kar ki yi faɗa. A cikin saƙon Hajiya Rekiya ya zo. Na san za ki ce tsohon tsumma ne, kin ce sabo kawai za a sa masa. Shi ya sa na ɓoye a cikin rigar filo."

Na tambaye ta ko ya taɓa jikinsa.

"In kin tafi kasuwa nake naɗe shi a ciki. Barci yake yi sosai, har fuskarsa yake cusawa." Tana murmushi ta faɗa. "Ban wanke ba, don ƙamshin Inna ne."

Likita ta yi mini wannan tambayar tun ranar shida ga wata. Na amsa da bakin mutum ɗaya, ban zo gida na tambayi uwar yaron ba. Shekara tara ina korar labarin da ba shi da majiya biyu.

Na so in ɗauke zanen in yi shiru. Amma gobe wani saƙon zai zo daga akwatin nan. Na zaunar da ita a bakin gado na faɗa mata, a hankali, yadda likita ta faɗa mini. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli tafin hannunta, ta goge su a zani, ta sake gogewa.

"Inna za ta mutu in ta ji."

"Ba za ta ji ba."

"Hadi fa? Yaya, Hadi ba zai ƙara kallona ba."

Na ce Hadi ya riga ya san ganye ne.

Ta ɗago ta dube ni. Muka ji takunsa a matakala. Na cusa zanen a leda biyu na ɗaure, na sa a jakata.

Juma'a, 7:30 na yamma

Na faɗa wa likita gaskiya, ita kaɗai. Ta ce a wanke duk abin da ya kwana kusa da filon, a shanya a rana, a bar tagogi a buɗe har Litinin. Da iskar nan da ake yi.

Asabar, 23 ga Agusta, 4:00 na yamma

An ci Najeriya ɗaya da nema. Benen ya yi shiru kamar gidan makoki.

Na ce wa Hadi likita ta hana duk wani kafur da ganye a gidan har abada, ko a akwati, ko a saƙo daga gida. Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, "Anti Lauratu, na san ba da gangan kika yi ba. Na yafe miki, duniya da lahira."

Na ce na gode.

Maijidda tana kicin, ta buɗe famfo da ƙarfi.

Inna ta kira bayan azahar ɗinmu. Ta ce ita fa ba kanwa take tambaya ba rannan, zanen take nufi. An sa shi a ciki kuwa?

Na ce an sa shi, Inna.

"Alhamdulillahi. Duk wanda ya kwana a zanen nan ya rayu."

Lahadi, 24 ga Agusta, 10:00 na safe

Ganye bakwai suna tsakanin shafi na 112 da na 113, da tikitin Malam Deng. Zanen yana saman kwabata a ɗakina na titin Huanshi. Ban san abin da zan yi da ko ɗaya ba.

Litinin, 25 ga Agusta, 5:30 na yamma

Ya dawo gida ƙarfe biyu, a cikin farin tawul na kanti. Kilo uku da ɗigo ɗaya. Idonsa fari. Ya kama nono. Zeinabou ta rangaɗa guɗa a matakala har maƙwabcinmu Basine ya leƙo, ta ce masa shiye-shiye, wato na gode da Sinanci, ya koma. Hadi ya karɓe shi daga hannuna, ya matsa mini wuri a kujera.

Sunansa Zayyad.

Kafin sallama sun yi gwajin ji. Kunnen dama ya amsa. Na hagu bai amsa ba. Likita ta ce wani lokaci ruwa ne kawai. Za a sake gwadawa ranar Alhamis, ƙarfe tara na safe.